Mai ƙirƙira ko mai kwaikwayo: wa ke cin riba a Maradi?

Tela na Bagalam: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A garin nan wanda ya ƙirƙiro sabon abu shi ke asara, mai kwaikwayo shi ke kwashe riba. Cikin Sha'aban na fitar da wani sabon wuyan rigar mata, aikin zare da 'yan duwatsu a kafaɗa ɗaya. Sai da na ɓata yadin gwaji kafin ya zauna yadda nake so. Amarya ta saka shi ranar biki, hotuna suka bazu, kafin tsakiyar azumi maƙwabtana na layi duk suna ɗinka shi. Ni jika 8 nake karɓa, su jika 5, don ba su kwana suna tunani ba, ba su ɓata yadi ba. Daga bana na daina. Abin da mace ta nuna mini a salula shi zan ɗinka mata.

Mai kayan Kano: Wallahi ƙanena ka faɗi gaskiya. Da me Maradi ta yi suna? Da saye da sayarwa. Alhazan da ake ba da labarinsu da gyaɗa suka tashi, daga baya suka koma shigar da atamfa da sauran kaya Nijeriya. Babu wanda ya ƙirƙiro atamfar a cikinsu, hanya suka sani. Kuma ku dubi canji. Tun da naira ta faɗi a 2023, jika ɗaya ta koma tana sayen naira fiye da ninki biyu na da. In na shiga Kantin Kwari da sefa, ɗinkakken kaya nake ɗaukowa a kuɗin da ko yadi ba zai saya wa tela ba. Mai saye farashi yake fara tambaya, ba ya tambayar wa ya fara.

Hajiya mai man gyaɗa, Mokoyo: Alhaji, tsaya. Ka ce ba a ƙirƙirar komai a nan, to asusun Mata Masu Dubara fa? A jihar Maradi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE da matan ƙauyukanmu. Adashen da muka gada aka gyara: zubi kowane mako, akwati mai makulli, a ba mace rance ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Yau ƙasashe da yawa na Afirka sun ɗauki tsarin. An kwaikwaye mu, me muka rasa? Ni da kuɗin akwatin nan na bar matsar tunkuza da hannu na koma kai gyaɗa inji.

Mai kayan Kano: Hajiya, wannan taimakon juna ne. In an kwaikwayi asusunku ba a rage muku ko dala ba. Shi kuwa cinikinsa aka ɗauke.

Hajiya mai man gyaɗa, Mokoyo: Na yarda da wannan bambancin. Amma ɗana tela, in tambaye ka: amaryar nan, ƙawayenta wurin wa suka fara zuwa?

Tela na Bagalam: Wurina suka fara zuwa, Inna. Da suka ji kuɗi wasu suka tafi. Wasu sun tsaya.

Baba baduku, babbar kasuwa: To waɗanda suka tsaya ɗin nan su ne kasuwarka, yaro. Bari in faɗa maka abin da na gani a dukanci. Jar akuyarmu ta Maradi fatarta ta yi suna har Turai, amma yawancinta ɗanya ake fitar da ita, a jeme a wani wuri, ribar ta tsaya can. Mu da muka rage muna aikin hannu, takalmin roba ya ci mana kasuwa tun tuni. Da na tsaya kan abin da mahaifina ya koya mini kaɗai, wato laya da kube da linzami, da na rufe rumfa. Sai na koma yin jakar salula da ta mata da murfin Alƙur'ani. An kwaikwaya, ƙwarai kuwa. Amma ka ɗauki tawa ka juya cikinta: bakin fatar a fere yake, a naɗe, ɗinki biyu, babu gam. Ta mai kwaikwayo damina ɗaya take buɗewa. Zane ido ke ɗaukarsa, a rana ɗaya an sace. Hannu kuwa sai an zauna shekaru. Kuma ni ranar da na yanka fata na fitar da abin da babu irinsa a rumfunan nan, ranar nake komawa gida da farin ciki ko ban sayar ba.

Tela na Bagalam: Baba, Allah ya ƙara girma, amma farin ciki ba ya biyan hayar shago. Ga harajin patanti, ga kuɗin kuran, wato wutar lantarki, ga abincin rana na yara. In wuta ta ɗauke cikin goman ƙarshe na azumi sai an tada gurup, man kuma daga aljihuna. Sannan yaron da ka koya wa yanka, da hannunsa ya faɗa sai ya buɗe nasa a bayan layi, ya tafi da rabin matan da suka san shi. Rabin kuɗina ma yana waje bashi, wai sai bayan Salla, ga Salla ta wuce.

Mai kunun aya, unguwar Zariya: Yaya tela, ciwon da kake faɗa gaskiya ne, amma maganin da ka zaɓa ne ban yarda da shi ba. Ku tuna watan Agusta 2023, bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, da Nijeriya ta yanke wuta aka rufe iyaka. Kunun aya ba ya jure zafi. In ka niƙa da safe ka zuba a robobi babu sanyi, kafin la'asar ya fara tsami, murfin yana kumbura. Ƙanƙara ta yi tsada, dabino da kwakwa suka hau. Masu yi irin nawa da yawa suka ajiye. Ni kuwa sai na fara soya ayar sama-sama, in niƙa ta gari da busasshen dabino, in tankaɗe, in ƙulla a leda, mace ta dama a gidanta lokacin da take so. Aya a jiharmu ake nomanta, ba ta jiran a buɗe iyakar Ɗan Isa. Yanzu wasu ma suna yi, ban hana su ba. Amma da a lokacin na zauna jiran wanda zan kwaikwaya, wa zan kwaikwaya? Kowa ya tsaya cik. Mai kwaikwayo yana cin riba ne muddin abubuwa na tafiya daidai, kuma ku faɗa mini yaushe suka daɗe suna tafiya daidai: an rufe iyaka a 2019 sai ƙarshen 2020, aka sake rufewa a 2023.

Mai kayan Kano: Wannan kam ta taɓa ni. Watannin nan kayana a Jibiya suka kwana, ni ina nan ina cin uwar kuɗi. Amma ƙanwata, naki larura ce ta sa. Shi ado yake ƙirƙira, ado kuwa an fi saurin sace shi.

Mai gyaran salula, Sabon Gari: Ni tambaya gare ni, ba da rashin kunya ba. Yaya tela, wuyan nan daga ina ka fara ganin irinsa? Don matan da ke kawo mini gyara, salularsu cike take da ɗinkin Dakar da Bamako da Kano daga TikTok.

Tela na Bagalam: Yankan jikin na 'yan Senegal ne, kowa ya sani. Kafaɗar da jerin duwatsun nawa ne. Ban ce kada kowa ya ɗauki komai ba. Abin da ke ci mini rai, maƙwabcina ya karya kuɗin a kan aikina tun ban mayar da kuɗin yadin gwaji ba.

Hajiya mai man gyaɗa, Mokoyo: To ashe rigimarka da karya farashi ce, ɗana. Wannan a zauna da shugabannin teloli na unguwa a yi magana, kamar yadda mu masu mai muke tsayar da kuɗin kwalba in gyaɗa ta hau. Kuma ka daina saka sabon aiki a WhatsApp tun mai shi ba ta karɓa ba.

Baba baduku, babbar kasuwa: Ka kuma riƙe biyu. Na talla ka ɗinka yadda aka nuna maka, a kuɗin kowa. Sabo kuwa sai wadda ta ba da rabin kuɗi tun farko, ta san nata ne ita kaɗai har bikin ya wuce.

Mai kayan Kano: Ni dai har yanzu ina kan bakana, a lissafin kuɗi zalla mai kwaikwayo ne a gaba. Ku ba ni shekara ɗaya mu gwada littafi.

Tela na Bagalam: Zancen rabin kuɗi zan gwada shi a babbar Salla, Baba. Na zama da teloli kuwa, Inna, wanda ya fi kowa karya kuɗin ƙanen matata ne. Ku faɗa mini ta inda zan fara masa magana.