Jerin matasan besbol: duba ne ko lissafi?

(Hirar wani zaure ce, a ƙarshen Afrilun 2024.)

Direban Bronx: Salamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke cina. Tun watan Janairu ake cika mana kunne da Jackson Holliday, wai shi ne lamba ɗaya a matasan besbol, duk jerin da ka buɗa sunansa ne a sama. Yarona ya hana ni sakat, na zare kuɗin aikin kwana biyu cur na saya masa katin yaron nan mai sa hannu a wani shago. Mai shagon har da cewa in ajiye shi da kyau, nan da shekara biyar zai saya min mota. To ga mota nan. Ƙungiyar Baltimore ta hau da shi babban lig ɗin Amurka ran 10 ga Afrilu, ya yi wasa goma, ya tsaya bugu sau 34, sau 2 kacal ya ci, sau 18 ana korar sa da jifa uku. Yanzu sun tattara shi sun mayar Norfolk, ƙaramar ƙungiyarsu. Ni dai na gane masu fitar da jerin nan duba kawai suke yi, ba su da maraba da mai bugun ƙasa. Wanda ya ce ba haka ba ne ya fito.

Malam na Harlem: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah ka janye kalmar duba. Duba da'awar sanin gaibu ce, ba ƙaramar magana ba ce a jingina wa mutum. Manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas yakan ce yau akwai ruwa, ba wanda ya taɓa kiran sa boka. Wannan kirdado ne.

Direban Bronx: Allah gafarta Malam, ni ba fatawa na zo nema ba, kuɗina nake kuka.

Malam na Harlem: Kukan kuɗi daban, ƙazafi daban.

Akawu: Yaya Direba, ba kirdado ba ne ma, awo ne. Masu leƙen 'yan wasa abu biyar suke dubawa: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne a ba shi maki daga 20 zuwa 80. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan babban lig, 60 ya ɗara, 80 kuwa sai wane da wane. Mutum zai zauna bayan raga da agogo a hannu yana auna sakan nawa yaro ya yi daga wurin bugu zuwa tasha ta farko, wani na riƙe da na'urar auna gudun ƙwallo. Mujallar Baseball America tun 1990 take fitar da jerin mutum ɗari duk shekara. Wane boka ka taɓa gani da agogon awo?

Na Queens: Ai kai ma da bakinka ka ce abu biyar suke DUBAWA. Shi ke nan, an gama shari'a.

Akawu: Haba ɗan'uwa. Likita ma duba marar lafiya yake yi. Malamin makaranta yana duba jarrabawa.

Malam na Harlem: Madalla. Duba abu daban, yin duba daban. Hausa ba dabo ba ce.

Ɗan Maraɗi: A wurinmu in aka ce wane mai duba ne, kowa ya san ba likita ake nufi ba. Kar ku murɗe maganar Alhaji.

Direban Bronx: Yauwa. Na gode na Maraɗi.

Na Queens: Ni abin da ya ba ni dariya, mutumin Bronx ne yau ke kukan an cika masa kunne da yaro. Su wa suka kai ku 'yan Yankees, ƙungiyar Bronx ta New York, zuzuta yara? A 2019 kuka ba Jasson Domínguez dala miliyan 5.1 yana ɗan shekara 16, kuka sa masa suna wai mutumin duniyar Mars, tun bai buga wasa ko ɗaya a Amurka ba. A 1991 kuka ɗauki Brien Taylor lamba ɗaya, kuka ba shi miliyan 1.55, ya je ya lalata kafaɗarsa a wurin faɗa a 1993, har ya bar wasa bai taka babban lig ba.

Sarkin Zaure: Na Queens, a kiyaye harshe. Domínguez ranar farko da ya shigo, 1 ga Satumbar bara, lilon sandarsa na farko ya aika ƙwallon majefi Justin Verlander bayan katanga, wato hom-ron, a gidansu a Houston. Wasa takwas, hom-ron huɗu. Jijiyar gwiwar hannu ce ta tsinke aka yi masa aiki. Ciwo kuma na Allah ne.

Na Queens: Ranka ya daɗe, wasa takwas sun isa a yabi naku, amma wasa goma ba su isa a kushe na Baltimore ba?

Bakano: Wai ɗan Mets, ƙungiyar Queens, ne ke magana a kan zaɓen yara? A 1966 ku ne da zaɓin farko. Kuka tsallake Reggie Jackson kuka ɗauki Steve Chilcott, wanda bai taɓa ganin babban lig ba. Reggie ya zo Bronx daga baya ya buga hom-ron uku a wasa ɗaya a gasar ƙarshe ta 1977. Laifi tudu ne.

Na Queens: 1966 ko babana bai yi aure ba.

Bakano: A 1991 kai ma kana goye, amma ka kawo ta.

Akawu: Jama'a kuna haɗa abu biyu. Zaɓen da ƙungiyoyi ke yi duk shekara daban, jerin da 'yan jarida ke fitarwa daban. Zaɓe ana yin sa ne kafin yaro ya fara wasan kuɗi. Jeri kuwa ana sake shi bayan an ga yadda yake yi a ƙananan rukunoni, daga A har zuwa AAA. Shi ya sa Mike Trout, da aka ɗauka na 25 a 2009, bai daɗe ba ya haye can saman jerin. Jerin ne ya gyara kuskuren zaɓen.

Ɗan Maraɗi: Wato ƙungiyoyi ashirin da wani abu, da agogonsu da na'urarsu, suka wuce Trout ba su gan shi ba. Kai ne ma ka fi taimaka wa Alhaji da hujja.

Na Queens: Ƙara masa da Mike Piazza. Zagaye na 62, mutum na 1,390 a 1988, shi ma don Tommy Lasorda, mai horar da ƙungiyar Dodgers, abokin babansa ne aka ɗauke shi, alfarma. Yau yana zauren gwarazan besbol, da hular Mets a kansa, don wasu su ji da kyau.

Hajiya Maman 'Yan Biyu: Ni ban san su maki 80 ba. Abin da na sani, na kai ƙaramin ɗana gwaji a filin da ke kusa da mu, wani mai horarwa ya dube shi sama da ƙasa, ko sanda bai ba shi ya riƙe ba, ya ce ya yi gajere. Yaron nan har gida yana kuka, safar hannunsa ma a mota ya bar ta. Babansa ne ya ba shi labarin José Altuve, da aka kora daga wurin gwaji a Benezuwela don gajarta, ya sake dawowa washegari, Houston ta ɗauke shi a dala 15,000, ya zo ya zama gwarzon lig a 2017. Ku masu awo, da me kuke auna zuciya? Kuma Alhaji, tsakani da Allah, kuɗin kwana biyu a kan kwali? Uwargida ta sani?

Direban Bronx: Hajiya a bar wannan maganar a nan don Allah.

Malam na Harlem: A'a, Hajiya ta taɓo wurin. Ka sayi kwali ba don amfaninsa ba, sai don kana fatan farashinsa ya hau in yaro ya yi suna, in bai yi ba kuɗinka ya nutse. Alhaji, wannan bai yi kama da caca ba?

Direban Bronx: Ikon Allah. Ni na ce duba an ce in janye, ni kuma an ce min ɗan caca.

Malam na Harlem: Ban ce kai ɗan caca ba ne, tambaya na yi.

Bakano: Malam in haka ne duk wanda ya sayi buhun wake da kaka ya ajiye sai bazara shi ma caca ya yi. Kasuwa ce.

Ɗan Maraɗi: Wake in bai yi tsada ba ka dafa ka ci. Kati fa?

Akawu: Ku bari in faɗi abu ɗaya a kan Holliday ɗin kansa, tunda kowa ya manta da shi. Yaro ne, shekararsa 20. A 2022 aka ɗauke shi daga sakandare, a bara kaɗai ya ratsa rukuni huɗu. Tsayuwa 34 ba ta isa a yanke wa kowa hukunci ba. Trout da ya fara hawa a 2011 ya yi wasa 40 da ƙyar yake cin ɗaya cikin biyar. Aaron Judge a 2016 ya tsaya sau 84, aka kore shi sau 42, rabi cif. Shekarar da ta biyo ya buga hom-ron 52. Kuma a ƙa'ida sai mutum ya wuce tsayuwa 130, ko ya wuce kwana 45 a babbar ƙungiya, sannan ake cire shi daga sahun masu tasowa. Don haka Holliday yana nan a jerin, kuma ba na jin za a sauke shi daga sama.

Direban Bronx: Kun ji ko! Ya faɗi jarrabawa kuma shi ne na ɗaya a aji. In wannan ba duba ba ne, to mene ne?

Ɗan Zango: Ni kalmar yaro ce ta tsaya min. Ɗan shekara 20 yaro ne? A zangonmu na Kumasi ɗan shekara 20 yana ciyar da gida.

Akawu: A besbol yaro ne. Shekaru su ne rabin lissafin. Ɗan 19 da ke wasa da 'yan 24 yana yin daidai da su ya fi ɗan 24 da ke cin 'yan 19 daraja nesa ba kusa ba.

Ɗan Maraɗi: To in shekarun ƙarya ne fa? Washington ta ba wani ɗan Dominika dala miliyan 1.4 a 2006, wai Esmailyn González ɗan shekara 16. A 2009 asiri ya tonu, sunan ma ba nasa ba ne, kuma ya girmi abin da ya faɗa da shekara huɗu. Agogon Akawu bai kama wannan ba.

Bakano: Wannan kam zamba ce, ba laifin masu awo ba.

Ɗan Maraɗi: Kai Bakano ka yi shiru in ana maganar rage shekaru. A 2016 'yan ƙwallon ƙafarku na ƙasa da 17 mutum 26 na'urar asibiti mai auna shekaru ta kayar kafin wasanku da mu. Da aka kawo yaran gaskiya muka fitar da ku.

Bakano: Kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar muka ɗauka: 1985, 1993, 2007, 2013, 2015. Ku nawa?

Ɗan Maraɗi: Da iyayen yara kuka ɗauka.

Bakano: Ka maimaita.

Ɗan Zango: Ku biyun duk ku zauna. Na 'yan ƙasa da 20 Gana ce ta fara kawo wa Afirka a 2009, Barazil muka doke.

Hajiya Maman 'Yan Biyu: Daga besbol an koma tamaula. Ni na tafi ɗora tukunya.

Na Queens: Kafin ki tafi Hajiya, ki tambayi mutanen Bronx labarin ƙungiyar yaransu ta 2001, da majefinsu ɗan shekara 14 da aka ce 12 ne.

Sarkin Zaure: Na Queens, gargaɗi na biyu ke nan.

Na Queens: Bakano ya zagi Mets ba a yi masa gargaɗi ko ɗaya ba.

Bakano: Tarihi na karanto, ban zagi kowa ba.

Direban Bronx: Jama'a ni har yanzu ba wanda ya ce min in sayar da katin ko in riƙe.

Sarkin Zaure: To dare ya yi, wasu da asuba za su fita aiki, bari in taƙaita abin da zaure ya cimma. An yi ittifaƙi cewa jerin nan ba duba ba ne, Malam ya warware wannan da hujja kuma ba wanda ya iya mayar masa. Akawu ya nuna da alƙaluma cewa haƙuri ake yi da yaro, babban misali kuwa shi ne kyaftin ɗinmu Aaron Judge, wanda ya kai hom-ron 62 a 2022. Haka Anthony Volpe, an sa shi a saman jeri, ya zo ya ci kyautar safar zinare ta gwanin tsaron fili a shekararsa ta farko, wanda ke nuna masu awon sun san aikinsu in suka samu ƙungiyar da ta iya renon yara. Abin da ya samu Holliday matsalar Baltimore ce da gaggawarta. Domínguez yana nan dawowa in sha Allahu. Batun 1966 ya tabbata, ba a musa ba. Maganar 1991 da ta 2001 ba su da alaƙa da abin da ake tattaunawa, haka ma zancen na'urar asibiti, wanda na Maraɗi zai nemi afuwar Bakano a kansa. An rufe.

Ɗan Maraɗi: Wane ittifaƙi? Ni da wa?

Na Queens: Ranka ya daɗe, ka manta ba ka sa hannu da hular Yankees ba.

Direban Bronx: Katin dai yana nan a aljihun gaban mota, cikin ledarsa. Mai so ya yi min magana ta gefe, amma kar a faɗa wa Hajiya nawa na bari.