Muhawara: Wai sandar gwanjo ba ta tuƙa jirgi a Kano?

Auta: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Na sayi joyistik, wato sandar tuƙi, na hannu na haɗa da wasan tuƙin jirgi na Flight Simulator 2020. In na ɗora ƙaramin jirgin nan Cessna 172 a titi na 06 a filin Malam Aminu Kano, ina ba ta totur sai ta kama hagu, kafin in ankara ina cikin ciyawa. In Allah ya sa na tashi kuma, hancinta sai ya yi ta rawa ko ban taɓa komai ba. Yanzu ma wasan rufe kansa yake yi in lodi ya kusa cika. Wani ya ce in goge komai in sake saukewa.

Mai Shago: Wa alaikumus salam. Auta, ba sai ka ƙarasa ba, sandar ce. Na sha faɗa a gidan nan kuma zan maimaita: sandar gwanjo mai bolum a ciki ba ta da rai a Kano. Ƙurar hunturu ɗaya ta ishe ta. Mai son tuƙi na gaske ya tara kuɗi ya sayi mai maganaɗisu, in babu hali ya ci gaba da kibod ɗinsa. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Injiniya: Alhaji, tunda sababbi kake sayarwa ai dole rariya ta zubar 😂 Ko ganin sandar ba ka yi ba har ka yi mata sallar gawa.

Mai Shago: Injiniya, kai kuma da gyara kake ci, dole ka ce komai yana gyaruwa. Kowa dai ya san inda abincinsa yake.

Injiniya: To mu bar wa yaro ya gani da idonsa. Auta, rufe wasan gaba ɗaya. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta joy.cpl, zaɓi sandarka ka shiga Properties. Za ka ga ɗan akwati da alamar + a tsakiya, da wasu layuka a gefe. Ɗauke hannunka ka zuba ido. In sun tsaya cak, sandar ba ta da laifi. In wani yana rawa shi kaɗai, ka faɗa mana wanne ne. Wannan shafin ba ruwansa da wasan, abin da sandar take aikowa Windows kai tsaye yake nunawa.

Kuma don adalci, bolum ɗin da Alhaji yake faɗa gaskiya ne. Irin na tsohuwar rediyo ne: ɗan harshen ƙarfe yana goga kan zoben kabon, inda ya tsaya shi ke gaya wa kwamfuta inda hannunka yake. In ƙura ta shiga ko zoben ya cinye, sai lambar ta riƙa tsalle. Mai maganaɗisu babu abin da ke gogar wani, shi ya sa ta fi daɗewa. Inda muka rabu da shi, ni ban yarda duk bolum mai tsalle ya mutu ba. Da yawa datti ne kawai.

Ta Zariya: Salam. Ku yi haƙuri in tsoma baki, amma matsalar farko da Auta ya faɗa ba matsala ba ce. Haka 172 take yi a zahiri. In kana zaune a kujerar matuƙi, farfelarta tana juyawa ne ta hannun dama. Iskar da take turawa baya ba miƙewa take yi ba, naɗe jikin jirgin take yi ta je ta bugi jela ta ɓangaren hagu. Jela ta tafi dama, hanci ya tafi hagu. Shi kuma injin yana murɗa jikin jirgin kishiyar juyin farfela, sai tayar hagu ta fi danne ƙasa. Da ka ɗaga hanci kuma, reshen farfelar da ke saukowa ta dama ya fi cizon iska, ja ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin tuƙi ya san abin da kunnensa ya fi ji a kan titi shi ne a ƙara ƙafar dama. Auta, wajen juya jela, kana da feda ko murɗa sandar kake yi?

Auta: Murɗawa ce Anti, ba ni da feda. Ni wallahi ban ma san ana murɗawa lokacin tashi ba, totur kawai nake turawa in jira gudu.

Ta Zariya: To ka ji. Ko sandar zinare ka saya ciyawar nan za ka shiga. Kuma ka daina tura totur gaba ɗaya lokaci guda, ka tura a hankali kana ƙara dama daidai yadda take ja.

Mai Shago: Ranki ya daɗe, karatu na yarda da shi, ba na ja da masu sana'a. Amma rawar hanci a sama fa? Ita ma farfela ce? Jirgi yana tafiya lafiya, hannu ba ya kai, hanci yana girgiza. Nan dai maganata ce.

Malam: Alhaji, mai yiwuwa. Amma kun haɗa abu uku kuna nema musu magani ɗaya, shi ya sa gardamar ba za ta ƙare ba. Jan hagu daban, rawar hanci daban, rufewar wasa daban. Na farkon gwajinsa ba wuya. Auta, kashe yanayin sama na kai tsaye, ka zaɓi sarari babu iska. Titi na 06 yana kallon digiri 60 ne, wato arewa maso gabas, kuma daga can iskar hunturu take zuwa, to galibi ta gaba za ta zo maka, amma in ta ɗan karkata za ta ruɗa mana lissafi. Sannan ka ajiye Cessna ka ɗauki A320neo da ke cikin wasan. Injin jet biyu ne, babu farfela. In ya miƙe sambal a kan layin tsakiya, an wanke sanda daga laifin jan hagu. In shi ma ya kama hagu, to wani abu ne yake taka masa jela. Ka kuma leƙa saitin taimako, akwai wanda ke riƙe maka jela da kansa da wanda ke taya ka tashi. Ka kashe su kafin gwaji, in ba haka ba ba za mu san wa yake tuƙin ba, kai ko kwamfuta.

Ɗan Kabuga: Ni duk wannan dogon lissafin ban gane masa ba. Goge ka sake sawa, shi ke nan. Ni in abu ya dame ni haka nake yi kuma yana tafiya.

Admin: Ɗan Kabuga, kai da kake zaune kusa da Wi-Fi na ofis kake wannan maganar. Wasan nan wajen giga 150 ake cewa ka tanadar masa a kwamfuta. Yaro ɗan makaranta da datar waya, kwana nawa zai yi? A kuma ɗauke wuta ana tsakiya.

Injiniya: Ba ma datar kaɗai ba. Saitin maɓallai da na sanda yana bin akawun ɗinka ne, a intanet yake ajiye. Ka goge ka sake saukewa, kana shiga ya dawo maka da saitin da ka gudu dominsa. In kuma ka mayar da kayan ƙarin da ka kwafe gefe, irin jirage da filayen da ake ƙara wa wasan daga waje, rufewar ma ta dawo. Ka ƙona data a banza. Abin da ya kamata: duk kayan ƙari na waje a foldar Community suke zama. Canja mata suna, ka buɗe sabuwa wadda babu komai ka sa mata Community, ka kunna wasan. Shi kansa wasan in ya rufe ba shiri, yakan tambaye ka ko kana son Safe Mode in ka sake kunnawa, kusan aikin ɗaya ne. In ya yi lodi lafiya, ɓarawon yana cikin foldar. Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya, raba su biyu ka mayar da rabi. Ya rufe, yana cikin wannan rabin. Bai rufe ba, yana ɗaya rabin. Ka sake rabawa. Ko guda 32 ne, kunnawa 5 ta isa ka kama shi, muddin guda ɗaya ne mai laifin.

Na Sabon Gari: Ku dawo ɗaya wasan tuƙin jirgin, X-Plane 12, ku huta. Mu in ya rufe, Log.txt muke buɗewa a babbar folda mu gangara ƙasa, sau da yawa sunan fulogin ɗin, wato kayan ƙarin da ya jawo, yana nan. Sai dai ka kwafe shi kafin ka sake kunnawa, domin kowace kunnawa sabo yake rubutawa a kan tsohon.

Admin: Kai kuma ko maganar kuɗin makaranta ake yi sai ka kawo X-Plane. Auta bai ce zai yi ƙaura ba.

Auta: Na dawo. Yaya Injiniya, a joy.cpl abu biyu na gani, sandata da kuma fad ɗin da ƙanina yake buga ƙwallo da shi, ashe yana maƙale ta baya. A sandar, alamar + ba ta motsi ko kaɗan. Amma layin murɗawa yana ɗan karkarwa, kamar yana son tafiya ya fasa.

Mai Shago: Allahu akbar! Me na ce? A rubuta a ajiye. Bolum ne.

Injiniya: Alhaji, tsaya tukuna kada ka yanka rago. Na ɗaya, gaba da baya da gefe duk lafiya lau, wato sandar da ka ce ba ta da rai kusan duka jikinta ƙalau yake. Na biyu, ita mai maganaɗisun da kake yi wa talla, ɗauki T.16000M ta Thrustmaster misali: maganaɗisun na gaba da baya da gefe ne, murɗawarta bolum ne ita ma. Da ya bi shawararka ya saye ta, wurin da ke damunsa yau shi ne wurin da bai canja ba. Na uku, fad ɗin nan. A saitin da wasan ke zuwa da shi, maɓallan baya guda biyu na fad, na hagu da na dama, jela suke juyawa. Fad ɗin da yara suka gama dannawa da ƙarfi, in na hagun ba ya komawa daidai, shi da sanda za su yi ta kokawa kan jela ɗaya. Auta, zare shi.

Mai Shago: Na ji na T.16000M, ban musa ba. Shi ya sa nake cewa a haɗa da feda.

Ɗan Kabuga: Daga sanda an koma feda. Gobe kuma sai kujera 😂

Na Hotoro: Ni tawa ba rawa take ba, ɓacewa take yi. Ina tsakiyar hanyar Abuja sai in ga jirgi ya daina jin magana, sai na zare na mayar.

Injiniya: A hob, abin nan mai raba ramin USB, ka sa ta ko? Cire ta ka sa kai tsaye a jikin kwamfuta, in tebur ce ta baya. Sannan a Device Manager, ƙarƙashin USB, ka cire alamar da ke bai wa Windows izinin kashe na'ura don tanadin wuta. In laftof ce ka lura ko lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta take yi.

Auta, kai kuma kafin a wanke bolum ɗin, shiga saitin sanda ka ba murɗawar dedzon, wato ɗan fili a tsakiya da wasan zai yi kamar bai ga motsi ba. Karkarwar za ta faɗa ciki.

Ta Zariya: A nan kam ban bi ka ba sosai, Injiniya. Ɗan kaɗan ba laifi. Amma na ga masu buɗe shi da yawa don su huta, su kuma zo suna kukan jirgi ba ya miƙewa a titi. Gyaran da ake yi lokacin tashi da sauka ƙanana ne, a daidai tsakiyar nan suke. In ka kashe tsakiyar, za ka murɗa ba amsa, ka ƙara ba amsa, sai kwatsam ta amsa da yawa, ka dawo da sauri ka wuce ɗaya gefen. Yaro mai koyo hannunsa zai saba da fizga. Ya ƙara kaɗan kaɗan har rawar ta tsaya, ya tsaya nan. In sai ya buɗe da yawa kafin ta tsaya, to gaskiya Alhaji ya ci wannan zagayen.

Mai Shago: Allah ya ƙara girma, ranki ya daɗe. Yau dai an yi min adalci.

Malam: Auta, kayan ƙarin nan daga ina ka samo su?

Auta: Wani abokina ne ya zuba min a fulash, Malam. Filayen jirgi da jirage da fenti, ban ma san adadinsu ba.

Malam: To nan nake zargi. Wasan yana samun sabuntawa lokaci zuwa lokaci, kayan ƙarin da aka yi wa tsohon zubi in ba a sabunta su ba sukan hana lodi. Na fulash ba ka san na yaushe ba ne. In kuma akwai na kuɗi da aka fasa a ciki, ba za su taɓa sabuntuwa ba, ga haƙƙin masu shi a wuyanka. Na kyauta masu kyau suna nan. Jirgin A32NX na FlyByWire kyauta ne, yana da manhajar sakawa tasa da ke gaya maka in sabo ya fito.

Auta: Alhamdu lillahi. Na canja sunan foldar, ya yi lodi har Kano bai rufe ba. Na zare fad. A320 ya miƙe a layi. Cessna tana nan tana jan hagu amma ina murɗa dama a hankali kamar yadda Anti ta ce, na tashi ban taɓa ciyawa ba. Rawar hancin ta ragu sosai, sai dai ba ta tafi duka ba.

Mai Shago: Ba ta tafi duka ba. Ku ji da kyau. Yanzu ma hazo bai sauko ba, mu haɗu a Janairu.

Injiniya: Cikin uku ka samu rabin ɗaya, Alhaji, shi ma ba a buɗe an gani ba. Auta, kawo min ita Farm Centre gobe bayan la'asar in wanke bolum ɗin da sipirit. Kada ka fesa mata man da ake sa wa kwaɗo, ƙura zai tara. In ka gama wasa kuma ka riƙa rufe ta da ƙyalle.

Mai Shago: In ta kai ƙarshen hunturu ba ta sake rawa ba, shayin group a wuyana, har da ƙwai.

Admin: An yi sikirinshot. Auta, in ka gama raba foldar ka turo sunan wanda ka kama, akwai mutum biyu a nan da suka kwafi fulash ɗin nan.