Gwangwanin giya 52 a jirgi ɗaya: da gaske ne ko ƙarin gishiri?

Ɗan Kurket: Jama'a ku raba mu gardama da wani. Wai David Boon ɗan wasan kurket na Ostireliya ya shanye gwangwanin giya 52 a jirgi daga Sidni zuwa Landan a 1989, lokacin da za su je buga gasar kurket ta Ashes da Ingila. Ni dai nace ƙarya ce wlh

Mai Lissafi: Tsaya mu buga. Gwangwaninsu na can mililita 375 ne, sau 52 ya kama lita 19 da rabi. Kusan jarka mai lita 20 fa kenan! Ko ruwan randa ne ba giya ba ina cikin da zai ɗauka

Baban Yara: Kai yaro ai ba a zama ɗaya ya kwankwaɗe ba. Tafiyar ta kai kwana guda cur, ka raba ka gani, gwangwani biyu da ɗan ɗoriya ne duk awa, kuma yana zagawa bayi. Sannan ba shi ya fara ba, a 'yan kurket ɗin Ostireliya an ce Doug Walters ya sha 44 a 1977, Rod Marsh ya zo a 1983 ya ɗora ɗaya ya kai 45, shi Marsh ɗin ma wai a keken tura kaya aka fito da shi daga filin jirgi

Ɗan Kurket: Baba duk "an ce" da "wai" ne fa. Shi Boon ɗin da bakinsa bai taɓa amsa 52 ɗin nan ba, abokan wasansa irinsu Dean Jones ne suka yi ta yaɗawa

Mai Lissafi: Kuma wa ya ƙirga? Masu ƙirgar su ma sha suke yi hhhh

Baban Yara: To ka taɓa ganin wanda ya yi abin kunya a gaban kocinsa ya fito yana tallan kansa? Bob Simpson ne koci lokacin, mutum ne mai tsauri. Shirun Boon ba hujja ba ce. Abin haushin ma sai suka je suka lallasa Ingila 4-0, shi ya sa labarin ya zama abin alfahari, da kashi suka sha da tuni an ce giya ce ta kashe su

Yaya Hajjo: Ni ba adadin ne ya dame ni ba, ko 52 ko 30, yadda suka mayar da abin jarumta ne. Kamfanin giyar VB har 'yar tsanar Boon mai magana ya riƙa rabawa masu saye wajen 2005. Ƙasar da tsohon firaministanta Bob Hawke ya yi suna tun yana ɗalibi a Oxford da shanye dogon kofin giya cikin daƙiƙa 11, ya tsufa tukuf yana ɗaga kofi a filin kurket na Sidni jama'a na masa tafi, to me kuke so ƙananan 'yan wasa su koya

Baban Yara: Hajjo a yi adalci, Hawke ya ajiye giya duk tsawon mulkinsa, 1983 zuwa 1991

Yaya Hajjo: Na yarda Baba. Amma ɗan wasansu Andrew Symonds fa? 2005 ya zo fili a Cardiff a buge aka cire shi, ranar Bangladesh ta doke su, 2009 kuma aka koro shi gida daga Ingila duk kan shan nan. Shi babu wanda ya yi masa 'yar tsana

Mai Lissafi: Abin ya ɗan canza dai. Janairun 2022 a Hobart Ostireliya na bikin cin Ashes, ɗan wasansu Usman Khawaja musulmi ne sai ya sauka gefe don kar a fesa masa shamfen, kyaftin Pat Cummins ya sa aka ajiye kwalaben ya yafito shi ya dawo aka ɗauki hoto tare

Ɗan Kurket: Kun kauce fa. Ya sha 52 ɗin ko bai sha ba??

Baban Yara: Ya sha da yawa, wannan ko kai ba za ka musa ba

Ɗan Kurket: Da yawa daban, 52 daban Baba. Ina nan a kan bakana