Ma'anar kalmar "revoke" a cikin takardar gona

Malamin Firamare, daga ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan kalmar Turanci "revoke". Kawuna ya kawo mini wata takarda da ta shafi gonarsa ta bakin titi, inda aka rubuta cewa izinin da yake riƙe da shi "may be revoked". Na gaya masa cewa ana nufin ana iya sokewa, amma hankalinsa bai kwanta ba, domin a wurinsa sokewa da dakatarwa da ƙwacewa duk tafiyarsu ɗaya ce. Mene ne ainihin ma'anarta, kuma a ina ake amfani da ita?

Tsohon Malamin Turanci, daga Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam. Fassararka tana kan hanya. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, "revocare", inda "re" ke nuna dawowa, "vocare" kuma ke nufin kira, sannan ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce a kira abu ya dawo, kuma har yau a kan haka take tafiya, domin wanda ya bayar da abu a hukumance shi ne yake janye shi. Hukuma takan janye lasisin tuƙi ko izinin sayar da magani, mutum kuma yakan janye wasiyyarsa ko wakilcin da ya ba wani, duk da wannan kalma. Ba a faɗinta a kan taron da aka fasa, can "cancel" ake cewa, dokar da majalisa ta soke kuwa "repeal" ce ta fi dacewa da ita. Dakatarwa "suspend" ce, wadda ake sa ran ɗage ta bayan wani lokaci, alhali abin da aka yi wa "revoke" ya tafi ke nan sai dai a sake bayarwa ko kotu ta rushe matakin.

Abin da na fi so ka lura da shi shi ne kalmomin da suka gabace ta. "May be revoked" sharaɗi ne da gargaɗi, ba a taɓa komai ba tukuna. Da an rubuta "is hereby revoked", to, da aikin gama ya gama.

Ɗalibar Shari'a, daga Ɗambatta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so in ƙara ɓangaren doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna iko a sashe na 28 ya soke izinin riƙon fili idan akwai buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya, kamar gina titi ko makaranta ko asibiti, kuma sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma makamancin wannan iko a kan filayen karkara. Amma ba a yin sokewar da baki. Wajibi ne jami'in da gwamna ya wakilta ya sa hannu, a kuma isar da sanarwa ga mai riƙe da filin. Sashe na 29 ya tanadi diyya, kodayake a kan abin da aka raya a filin take, wato gini da amfanin gona, ba a kan ƙasar kanta ba, kuma nan ne manoma da yawa suke shan mamaki.

Manomi Mai Karatu, daga Gwaram:

Malam, tunda diyyar a kan abin da aka raya take, ka taimaki kawunka tun yanzu ya ƙirga mangwaro da ɗorawa da kukar da ke gonar, ya ɗauki hoton rijiya da shinge da wayarka, a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona. Takardar kuma a yi mata kwafi, a sa asalinta a leda a ajiye a akwati saboda gara da ruwan damina. Idan wata takardar ta sake zuwa, kada ya dangwala yatsa sai lauya ya karanta masa ita.