Neman kalma: gidan Baba Yaga mai ƙafafun kaza

Mai fassara: Jama'a, a taimaka. Gobe da ƙarfe 4 za a naɗi shirin tatsuniyoyin Rasha, na maƙale a sunan gidan Baba Yaga, wato "izbushka na kur'ikh nozhkakh". Na sa "bukka mai ƙafar kaza", bai zauna min ba.

Malamar Rashanci: Ba zai zauna ba, Malam. Izba gida ne na gungumen itace da ake jerawa a kwance, da katon murhu a ciki, izbushka kuma ƙaraminsa. Bukka ta ciyawa ce. A tatsuniyoyin da masanin Rasha Afanasyev ya tattara, aka buga daga 1855 zuwa 1863, ɗakin yana bakin daji yana juyawa, ƙofarsa na kallon dajin. Sai baƙo ya ce masa ya ba daji baya ya fuskanto shi, sannan ya samu shiga. Tsohuwar, wato Baba Yaga, tana kwance ciki, hancinta ya tokari rufi. Masana da dama na ganin iyaka ce tsakanin rayayyu da matattu.

Bakano: Kuma a kula, magina na kiran wani tsarin baka na rufin soro ƙafar kaza. Ka ce ƙafafu, jam'i, kar a zaci ado ne.

Basakkwace: Ai rumbu ne. Mutanen dazukan arewa suna ɗora ɗakin ajiya bisa kututture don ɓeraye da namun daji, saiwoyin kamar yatsun kaza. Mu kan duwatsu muke ɗora ruhewa.

Bakano: Rahoniya dai.

Basakkwace: Ruhewa. Ba Kano aka yanke wa Hausa cibiya ba.

Ɗalibi: Ni dai na ƙirƙiro: bukkaza. Bukka da kaza, gajere.

Bakano: Yaro, Hausa ba ta liƙa kalmomi haka. Dubi faɗa-wuta, dubi a-kori-kura. In ƙirƙira kake so, ka ce juya-ka-dube-ni.

Ɗalibi: Da Bature ne ya ƙago ta, Baffa, da tuni kun haddace.

Malamar Rashanci: Rumbu ba a kwana cikinsa. Sannan a bayyana cewa baba a Rashanci tsohuwa ce, kar a zaci mahaifin Yaga. Kar kuma a ce mayya kai tsaye, don wani lokaci takan ciyar da baƙon har ta nuna masa hanya.

Mai fassara: Na gode Hajiya. Na sa "ɗakin itace mai tsaye kan ƙafafun kaza" a farko, daga nan "ɗakin tsohuwa".

Bakano: Ya yi tsawo, amma a tafi a haka.

Ɗalibi: Bukkaza tana nan tana jira.