Afdet, tahdis ko sabuntawa: wanne za mu tsayar?

Mai buɗe zance, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya bayan isha'i Kawu ya miƙo mini wayarsa, wai manhajar banki ta ƙi buɗewa, tana ta rubuto masa wani abu da Larabci. Na duba, cewa take sai ya yi tahdis. Na shiga saiti na danna wurin nema, abin ya yi ta juyi kusan minti guda, can wayar ta ce ita a kan na ƙarshe take. Na ƙarshen nata kuwa Android 8 ne, wanda ya fito tun 2017. Masu ƙera ta sun daɗe da yaye ta.

Kawu ya ce, "To wai mene ne tahdis ɗin?" Na ce afdet. Ya ce, "Na tambaye ka da Hausa, ka amsa mini da Turanci." Na ce sabuntawa. Ya juya wayar gaba da baya, ya sa farce a tsagar gilashin, ya ce, "Wannan ce za ta sabunta?"

Nan bakina ya mutu. Mu mazauna nan Saudiyya kalma uku muke juyawa, kowa da harshen da ya sa wa wayarsa, kuma ba wadda ta gamsar da dattijo. Ku taimaka da wadda za ta zauna.

Ɗalibin Madina:
Wa alaikumus salam. A fara cire tahdis. Tushensa ɗaya da hadisi, kuma a wurin malamai tahdis shi ne ruwaito hadisi. Ka ce wa Bahaushe waya tana tahdis, sai ya gyara zama. Ni tajdidi na zaɓa, kunnenmu ya san shi, daga nan muka sami jaddada, kuma Mujaddadi muke ce wa Shehu Usmanu.

Direba a Riyad:
Malam, a yi haƙuri, ban da tajdidi. A ƙasar nan in ka ce wa mutum lokacin tajdidi ya yi, gabansa ne zai faɗi, ya fara lissafin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da riyal da neman kafili, mai tsaya masa a ƙasar. Kada mu sa wa mutane hawan jini saboda waya.

Mai karatun kwamfuta, Dammam:
Kafin a raɗa suna a duba jaririn tukuna, don tagwaye ne muke kira da suna ɗaya.

Akwai babba, mai zuwa shekara-shekara da sabuwar lamba: Android 14 a 2023, 15 a 2024, 16 a 2025. Shi ke canja fuskar waya, ya kawo sababbin abubuwa, kuma shi ne ake kukan jinkirinsa. Dalilin jinkirin ba ɓoyayye ba ne. Google ya saki nasa, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su Qualcomm da MediaTek su daidaita shi da kayansu, sannan mai waya ya ɗinka masa tasa rigar: Samsung da One UI, Xiaomi da HyperOS, Tecno da HiOS, Infinix da XOS. A wasu ƙasashen ma sai kamfanin layi ya gwada. Bayan duk wannan kuma ba rana ɗaya ake rabawa ba, yanki-yanki ake bi. Shi ya sa za ka ga abokai biyu da waya iri ɗaya, na wannan ya zo, na wancan shiru, saboda ɗaya a nan ya saya, ɗaya an kawo masa tsaraba daga wata kasuwar. Android 15 ya isa wayoyin Pixel na Google a Oktoban 2024, amma One UI 7 da aka gina a kansa sai Afrilun 2025 ya fara isa Galaxy S24. Apple ba shi da wannan doguwar sarƙa, shi ke tsara ƙwaƙwalwar, shi ke rubuta manhajar, sai ya saki wa kowa rana ɗaya a watan Satumba.

Na biyun ƙarami ne, ba ya canja komai da ido zai gani. Ɓaraka yake toshewa. A 2015 aka gano wata mai suna Stagefright, wadda ta saƙon hoto ko bidiyo kaɗai za a iya shigar maka waya, aka ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Daga nan Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Wannan ba mai zumuɗinsa, alhali shi ne mai gadin gidan.

Hajiya, Shara Mansur, Makka:
Ɗana, Allah ya ƙara ilmi, amma ni wannan babban naku da zai yi zamansa da na gode. Kwanaki na kwanta wayata lafiya lau, na tashi da asuba na nemi tocila na rasa inda aka kai ta. Sai da jikata ta dawo daga makaranta ta nemo mini. Me nake yi da waya? In aika saƙon murya Kano, in karɓi odar turare da dabino, in buɗe Nusuk, manhajar Umara da Hajji, in baƙi sun zo. Duk suna yi ba tare da sabuwar lamba ba. In suna kuke nema, ku ce kwaskwarima, don ita ce. An shafa fenti an juya kujeru.

Mai karatun kwamfuta, Dammam:
Hajiya ba ta faɗi ƙarya ba. Yawancin abin da mutum ke taɓawa kullum ta Play Store yake sabuntuwa, ba ya jiran mai waya. Tun Android 10 a 2019 ma Google ya ɓalle wasu sassan ciki yana aiko su kai tsaye ta can. Jinkirin wata shida a kan babban ba zai hana kowa barci ba sai masu son a ce su suka fara. Abin tsoro shi ne ranar da aka daina aikowa gaba ɗaya, kamar wayar Kawu. Manhajoji sukan ɗaga mafi ƙarancin lambar da suke karɓa, WhatsApp ma ya bar Android 4.4 a baya. A nan kuma, inda manhajojin Absher da Nafath suka zama ƙofar kowace hulɗa da hukuma, wayar da aka yaye matsala ce ta gaske. Mun gani lokacin korona, ba ka shiga babban kanti sai ka nuna manhajar Tawakkalna mai nuna halin lafiyarka.

Shi ya sa yanzu shekarun ake tallatawa. Pixel 8 a 2023 da Galaxy S24 a 2024 an yi musu alkawarin shekara 7. Tarayyar Turai kuma tun Yunin 2025 ta wajabta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Masu araha da yawancinmu ke riƙewa ba su kai nan ba.

Dattijo daga Ɗa'if:
Ku yara ba ku zauna gidan ƙasa ba. Kowace shekara kafin damina sai an kwaɓa ƙasa an bi katanga da soro an liƙe tsaga. Gidan bai zama sabo ba, amma in ka tsallake shekara biyu ruwa zai shigo maka har gado. Yaɓe ke nan. Ƙaramin nan naku yaɓe ne.

Tela a Jidda:
Baba, ranka ya daɗe, yaɓe ya yi daɗi a kunne, har na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai dai yaran da aka haifa a unguwar Hindawiyya ba su taɓa ganin ana yi ba, sai an sake fassara musu. Kuma yaɓe na shekara ne, wannan na wata. Me ya hana faci? Kowa ya san mai faci, kowa ya san riga mai faci. Huda ta fito, a liƙe, a ci gaba da tafiya.

Ɗalibin Madina:
Faci ai daga Turanci ya zo.

Tela a Jidda:
Tela ma daga Turanci ya zo, Malam, kuma shekara talatin ke nan ana kirana da shi ban ji ciwo ba.

Direba a Riyad:
In haka ne babban a ce garambawul.

Mai buɗe zance, Jidda:
Garambawul sai abu ya lalace ake yi masa, a sauke inji a bi shi ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa waya lafiyarta ƙalau abin ke zuwa. Kwaskwarimar Hajiya kuma ta ɗan rage masa daraja, don wani lokacin har ginshiƙi ake taɓawa, ba fenti kaɗai ba.

Ga inda ni na tsaya, mai ja ya ja. Sabuntawa ta zauna a matsayin uwa, tunda ita rediyo ke faɗa kuma ita ke fitowa in an fassara. Babban mai lamba mu ce sabon zubi: wayata tana kan zubi na 14, sabon zubi bai iso ba. Ƙaramin mu ce facin tsaro. Yaɓe na so a raina, Baba ya yafe mini, amma hujjar tela ta fi ƙarfi. Amfanin rabawar shi ne mai saye ya san abin tambaya. In ka je titin Falasɗinu a nan Jidda sayen waya, bar zancen yaushe sabon zubi zai zo, tambayi shekara nawa za a yi ana aiko mata faci. In ta hannu ce, shiga saiti, wurin bayanin waya, akwai kwanan watan faci na ƙarshe a rubuce.

Na gwada wa Kawu da safen nan wurin shayi. Na ce wayarka an daina yi mata faci, zubinta kuma ya tsufa, banki ba ya karɓa. Bai ce in maimaita ba. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "To da ka faɗi haka tun jiya. Nawa ce wadda ake yi wa facin?" Na faɗa masa. Ya mayar da tsohuwar aljihu, ya ce in an yi albashi ma yi magana.

Dattijo daga Ɗa'if:
Na yafe, amma ni a gidana yaɓe za a ce. Wani ya zo ya duba mini tawa, na ga an rubuta 2021.