"Tuna baya shi ne roƙo": ya dace a wurin aiki?

Malamar Lissafi: Jama'a, ina neman fatawa. A taron malamai mun tsayar cewa kowa zai miƙa makin jarrabawa ranar Alhamis. Litinin ta zo, wani dattijo abokin aikina bai kawo nasa ba, ga shi ni ke haɗa sakamakon ajin. Na same shi na ce, "Malam, an ce tuna baya shi ne roƙo, ina maganar makin nan?" Sai ya murtuke fuska ya ce shi ba wanda ya isa ya roƙe shi aikinsa. Ina kuskurena?

Ɗan Zage-zagi: Malama, kin ɗauko karin maganar maroƙa kin kai ofis. Asalinta, maroƙi ya tsaya gaban mai sarauta ko attajiri yana jero masa alherin iyaye da kakanni, don kunya ta sa ya buɗe aljihu. Ma'ana, wanda ake tunasarwa ana binsa kyauta ne. Ke kuwa haƙƙi kike nema.

Uwar Biyu: Ban yarda ba. Yau mutane na faɗinta ne a ma'anar "bari mu koma kan maganar da muka yi". Ba wanda ke tuna maroƙi. Dattijon nan dai ya san bai yi aikin ba, shi ya sa ya kama kalma ɗaya ya fake da ita.

Ɗan Zage-zagi: Hajiya, ai shi ya sa ba a ba mai laifi ƙofar fakewa. Da ta ce "waiwaye adon tafiya", me zai kama?

Tsohon Akawu: Shekarun da na yi ina rubuta bayanan taro sun koya min cewa babba ba ya son ƙarami ya buɗe masa magana da karin magana, kowace iri ce. Ji yake ana masa wa'azi. Abin da nake yi, in ɗora mantuwar a kaina: "Ranka ya daɗe, tuna min, Alhamis muka ce ko Juma'a?" Shi da bakinsa zai faɗi ranar. Hannunka mai sanda ke nan. Kuma kada a yi shi a zauren WhatsApp na ma'aikata, a same shi shi kaɗai.

Uwar Biyu: Wannan ba ƙarya ba ce? Ka san ranar sarai.

Tsohon Akawu: Kara ce, Hajiya.

Almajirin Zaure: Ni da aya zan fara, ta 55 a Suratuz Zariyat, inda aka ce a tunatar domin tunatarwa tana amfanar muminai.

Malamar Lissafi: Malam, rufa min asiri! Mutumin da karin magana ta ɓata wa rai, in na ja masa aya ai cewa zai yi ina shakkar imaninsa. Gobe zan gwada ta Baba Akawu, shugaban makaranta ya ce Laraba yake son sakamakon a teburinsa.